Kifin Da Aka Manta A Rabon Gado

An ce wai wata ranar Talata da hantsi, a ƙarshen bazara, lokacin da zafi ya kai inda ya kai, iska ta ɗauke ɗif, gizagizai kuma suka fara leƙowa daga gabas suna komawa, aka kawo wa Alƙali Malam Haladu na Kwarin Ƙirya wata shari'a da bai taɓa jin irinta ba. Wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa ya kawo ƙarar ɗan'uwansa, kuma duk a kan ruwa.

To, kafin a ji abin da suka faɗa, gara a san asalin ruwan.

Ubansu, Alhaji Barmo, falke ne na fatu da ƙiraga. Ya sha yawon duniya, da ƙarfi ya fara ja baya sai ya dawo gida, ya ce shi yanzu ba abin da yake so irin ya zauna a bakin ruwa ya miƙe ƙafa. Akwai wani ɗan rafi da ya ratsa ta gonarsa, mai gudu da damina, ya ƙafe da rani. Alhaji ya sa aka tare shi da wata ƙatuwar jinga ta jar ƙasa, tsayinta ya fi soro, faɗin kanta kuwa jakuna biyu sa wuce a jere. A ƙarƙashinta aka binne bututu mai ƙofar ƙarfe, wadda ake murɗawa daga sama in ana son rage ruwa. A gefe guda kuma aka yanka makwarara, wato hanya mai faɗi da ruwa zai bi ya fice in ya yi yawa, don kada ya hau kan jingar. Ruwa ya taru ya zama tafki. Alhaji ya zuba kifi, ya sayo ɗan kwalekwale, ya kafa rumfa. Ba noma yake yi da ruwan ba, ba kuma sayarwa ba. Na shan iska ne kawai, shi da baƙinsa.

In ka gangara bayan jingar ka wuce gonar, akwai 'yar unguwa ta masu lambu, ana ce mata Gangare. Rufin ɗakunansu bai kai tsayin ruwan ba. Wato dai tafkin a bisa kansu yake. Amma duk zamanin Alhaji ba wanda ya taɓa kwana da tunaninsa.

Da Allah ya yi wa Alhaji rasuwa, masu rabon gado suka zo. Gidaje sun rabu lafiya, shanu sun rabu lafiya. Da aka zo kan tafki sai kowane ɗa ya ce yana so. Dattawa suka yi abin da suka saba yi da gona, suka ɗauko igiya suka ja ta a bakin ruwa. Suka ce daga igiya zuwa sama, ruwa da makwarara da kwalekwale, na Sallau ne, babban. Daga igiya zuwa ƙasa, jinga da ƙofar ƙarfe da gonar da ke bayanta, na Mamuda ne, ƙaramin. Kowa ya ce an yi adalci, aka shafa fatiha aka watse.

Sallau mutum ne mai son baƙi da fararen riguna. Ya ga in ya ɗauki abokansa a kwalekwale gindinsa na taɓa ƙasa a wasu wurare, sai ya sa aka jera buhunan yashi a bakin makwarara, ruwa ya ƙara hawa. Mamuda kuwa mai son shuka ne, ba ya ganin fili ya ƙyale. Ya ga kan jinga fetal ba inuwa, sai ya jera mata mangwaro da darbejiya. Shekaru suka tura, itatuwa suka yi rassa, mangwaro ya fara 'ya'ya, wuri ya yi kyan gani har mutane na zuwa kallo. Zumuncin ne dai bai yi kyau ba, don tun ranar igiya magana ta ragu tsakaninsu.

Ga su yau a gaban alƙali. Sallau ya gyara zaman rigarsa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ruwana ake sata. In na kafa tsinke a bakinsa da yamma, in dawo da safe ya ja baya. Ta jikin jingarsa yake zurarewa, yana shayar masa da ayaba da rake a banza. A sa shi ya toshe."

Mamuda ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a tambayi Yaya, ni na aika wa ruwan goron gayyata? Rana ce ke shan ruwansa. In ma jingar ce, wa ya toshe makwarara don abokansa masu tumbi su yi yawo a kwalekwale? Ruwa ya hau har gindin mangwarona. Ni abin da nake nema, ya kwashe ruwansa daga jikin jingata."

"In kwashe in kai ina? In zuba a aljihu?"

"Aljihun naka ai da zurfi, Yaya. Ba wanda ya taɓa ganin abin da ya shiga ya fito."

Mutane suka ƙyalƙyale da dariya, dogari ya tsawata.

Ana cikin haka sai wata tsohuwa ta kutso daga baya ta durƙusa. Sunanta Tabawa, mai daddawa ce a Gangare, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke riƙe da jikokinta. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ba ƙara na iya ba, tsoro ne ya kawo ni. Rabonmu da ruwan sama tun kaka, amma daɓen ɗakina a jiƙe yake. Kwaɗi nake kora daga ƙarƙashin gado a tsakiyar bazara. In na ɗaga kai na dubi abin nan nasu, sai tsoro ya kama ni. Ga damina ta ƙaraso. In ya ɓalle, mu ne a bakinsa."

Abin mamaki, wa da ƙanen da ba sa ga maciji sai bakinsu ya zo ɗaya. Sallau ya ce, "Inna, ruwa ya shigo miki gida?" Ta ce a'a. Mamuda ya ce, "Ya ci miki ko da akuya?" Ta ce a'a. Suka ce, "To Malam ya ji. Randarta ce ke yoyo."

Alƙali ya dubi tsohuwa. Can ya ce a tashi, bayan la'asar zai je ya gani da idonsa, kuma tsohuwa ta biyo su.

Da rana ta yi sanyi suka hau kan jinga. Malam Haladu ya ga ruwa ya cika taf, saura kaɗan ya sumbaci kan jingar. Ya ga itatuwa a jere, an shimfiɗa tabarmi a inuwarsu. Ya gangara ta baya, a gindin jingar ya tarar da wani wuri kore shar alhali ko'ina ya bushe, ruwa na tsattsafowa yana bin wata 'yar hanya zuwa Gangare. Ya sunkuya ya kamfata a tafin hannu. Ruwan ba garau yake ba, ja ne, har da ɗan gari-gari yana kwantawa. Ya daɗe yana dubansa. A ransa ya ce, "Ruwan tafki a sama fes yake. Wannan jar ƙasar, a ina ya ɗebo ta, in ba a cikin jingar ba? Ashe ba wucewa kawai yake yi ba, tafiya yake da ita kaɗan-kaɗan."

Ya hawo ya kama ƙarfen da ake murɗawa. Ko motsi. Tsatsa ta cinye shi, har zanzaro ya yi gini a kai. Ya ce, "Yaushe rabon a murɗa wannan?"

Tabawa ta riga kowa. "Tun su na ƙarshe, Malam! Kayya, zamanin Alhaji! Kowace shekara war haka, kafin ruwan fari, sai ka ji shela, za a yi su, kamun kifi na gayya, a tafkin Barmo. A murɗa ƙarfen nan, ruwa ya yi ta ja baya har ya dawo iya cinya. Amma Allah ya jiƙansa, mutum ne mai abin dariya. Ba ka shiga ruwansa sai ka zo da kwandon yumɓu a ka, ko kai wane ne. Ya riƙa bin jingar yana zungura da sanda, zuba nan, zuba can. Mu mata mu bi da madaɓi muna daɓe muna waƙa, sai ka ce ɗakin amarya muke gyarawa. Ɗan tsiro ko kamar yatsa ya gani, sai ya ce a tumɓuke, wai yana tare masa gani. Sai an gama wannan wasan nasa kaf, sannan ya ce bismilla, a faɗa ruwa. Kowa ya kama ya tafi da abinsa, manyan ne kawai yake cewa a mayar, wai su ne iri. Wallahi shekarar nan da za ta zagayo ba na sayen kifin miya."

Sallau ya taɓe baki. "Baba ai hannunsa a sake yake. Kifin da ya shekara yana girma a kwashe shi rana ɗaya, don kawai a ce Alhaji Barmo. Ina karɓar ruwan na hana."

Mamuda ya ce, "Ni ma ban ga dalilin a riƙa tattake min jinga ba."

Malam Haladu ya dubi ƙarfen, ya dubi itatuwan, ya dubi rufin ɗakunan Gangare can ƙasa, yara na wasa a tsakar gida. Nan take ya gane abin da marigayin ya ɓoye a cikin wasansa. Amma bai faɗa ba. Ya ce kowa ya dawo gobe da safe.

Ka ga, a nan wuyar take. Alƙali ya san in ya ce a sare itatuwa a kwashe buhuna don tsoron wata tsohuwa, 'yan'uwan nan biyu za su haɗa kai a karon farko, su ce ba wanda aka yi wa ɓarna, su ɗaukaka ƙara zuwa birni. Masu hali ne, suna da bakin magana. A birni kuwa sai a ce a dawo bayan salla, a sake cewa a dawo bayan girbi, ruwan sama kuma ba ya jiran a kira shi. In kuma ya bi zahirin ƙara, ya ba wa ɗaya gaskiya ya hana ɗaya, wanda aka kayar zai turje, ba a taɓa jingar ba har damina ta yi nisa. Hukuncin da yake nema shi ne wanda masu shari'ar za su zartar da hannunsu, da gudu, kowa yana ganin shi ya ci.

Da gari ya waye zaure ya cika, har waje. Alƙali ya fara da babban.

"Sallau, ka ce jingar ƙanenka ke shan ruwanka, shi ya ce rana ce. Jiya na ga bayan jinga, amma ban ga cikinta ba, domin ruwanka ya rufe mata fuska. Ni kuwa ba na hukunci a kan abin da ban gani ba. In kana son haƙƙinka, janye ruwanka in ga inda yake bi. Damina na bisa hanya, za ta mayar maka da shi. In na ga rami a jingar, gyara ya hau kan Mamuda."

Sallau ya washe baki. "Allah ya ƙara wa Malam nasara. Ko yau aka ce, na yarda."

Mamuda ya zabura. "Allah ya gafarta Malam, ƙofar ƙarfen a jingata take. Ba mai taɓa min ita."

"Gaskiyarka," in ji alƙali. "Taka ce, ba mai tilasta ka. Sai dai akwai wata magana. Na aika an tambayi dattawan da suka yi muku rabo. Sun ce sun ba Sallau ruwa, sun ba ka jinga. Na ce, kifi fa? Suka ce wallahi ba wanda ya ambaci kifi. To, abin da aka ƙyanƙyashe bayan rabo, wannan wata magana ce. Amma manyan nan da ubanku yake cewa a mayar, dukiyarsa ce, ya mutu ya bar ta, kuma har yau ba a raba ta ba. Rabi naka ne. Sai dai ba a raba abin da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. In ka fi son ƙofarka a rufe, shi ke nan, yayanka ya ci gaba da riƙe maka kamar yadda ya saba."

Mamuda ya juya ya dubi wansa. "Yaya! Wato duk tarwaɗar da kake gasa wa abokanka, rabinta tawa ce? Allah ya gafarta Malam, a buɗe! Ni zan kawo maƙeri da kaina."

Sallau ya so ya yi gardama, amma ya riga ya amsa a gaban jama'a. Ya auna a ransa, rabin tsofaffin kifi a gefe ɗaya, gyaran jinga kacokan a wuyan ƙanensa a ɗaya gefen. Sai ya ga ai shi ke da riba, ya haƙura.

Alƙali ya ce, "Mutum biyu ba sa kama kifin tafki. A yi shela, a yi su kamar yadda Alhaji yake yi, kowa da kwandon yumɓunsa, kada a ce alƙali ya zo ya sauya wa mamaci al'ada. Ruwan kuma a sake shi a hankali, kada rafin Gangare ya cika." Suka ce wannan ai ba komai.

Tabawa ta ɗaga murya daga baya. "Ni fa, Malam?"

"Inna, tsoro ba shaida ba ne. Ba ki kawo shaida ba, ba zan iya miki komai yau ba."

Tsohuwa ta tashi ta karkaɗe zaninta. Tana fita tana cewa, "Mu ana maganar rayukanmu, su suna rabon tarwaɗa. Allah dai na nan." Alƙali ya ji ta sarai. Ya sunkuyar da kai.

Ƙarfen nan ya ba da wahala. Maƙeri ya zuba masa baƙin mai, ya gasa shi da wuta, ya ƙwanƙwasa, ƙarti suka sa itace suka danna, sannan ya yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa ya juya. Ruwa ya fara fita. Kullum da la'asar hadari sai ya haɗu a gabas ya yi baƙi, mutane su ɗaga kai, sai iska ta watsa shi. Alƙali kullum sai ya aiko a gano masa inda ruwa ya kai.

Ranar su, tun da sassafe wuri ya cika. Maza da homa da gora, mata da ƙorai da madaɓai, kowa da kwandon yumɓu a ka. Tabawa ma ta zo, fuska a murtuke, ta ce ita don kifi ta zo ba don kowa ba. Amma da aka iso bakin tafkin sai hayaniya ta mutu. Ruwa ya sauka, cikin jinga ya fito fili, kuma ba wanda ya ji daɗin abin da ya gani. Saiwoyi sun huda ta sun fito suna reto kamar igiyoyi. Ramukan gafiya ko'ina. A ƙarƙashin babbar darbejiya kuwa akwai wani rami da akuya za ta shige ba ta sunkuya ba. Dogari ya zura gorar da ake tuƙa kwalekwale, ta shige duka, sai ga wani ƙaton guza ya fito a guje, mata suka watse da ihu.

Alƙali ya sa aka ɗebo shuɗin ruwan baba daga marina, tulu bayan tulu, aka yi ta ɗurawa a ramin. Sannan ya ce jama'a su zagaya bayan jinga. Aka tsaya ana kallon wurin nan mai kore. Shiru, shiru. Can sai ruwan da ke tsattsafowa ya fara sauya kama, ya yi shuɗi, ya kama 'yar hanyarsa ya nufi Gangare.

Malam Haladu ya waiwaya ya nemi tsohuwa. "Inna, ran nan na ce ba ki da shaida. Ga ta nan ta iso, tana kan hanyar gidanki."

Tabawa ta dafe ƙirji.

Sallau ya ce, "Malam ya gani da idonsa! Gyara ya hau kan Mamuda."

"Na faɗa, ban kuma janye ba," in ji alƙali. "Ramin a jingar Mamuda yake, saiwar itacensa ce ta buɗe shi. Amma zo ka ga wani abu." Ya kai shi ta cikin tafkin ya nuna masa wani baƙin zane da ya bi jikin jingar daga wannan gefe zuwa wancan. "Wannan shi ne inda ruwa yake tsayawa zamanin ubanku, shekara da shekaru, har ya bar alama. Ramin a ƙasa da zanen yake, ko a sama?"

Sallau ya duba. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "A sama yake."

"To wa ya ɗaga ruwa har ya kai can?"

Sallau ya juya. Ya dubi buhunan yashinsa, ya dubi shuɗin ruwan da ke gangarawa, ya dubi yaran Gangare da suka zo su da 'yan ƙorensu. Mamuda ma kansa a ƙasa.

Sai alƙali ya hau kan jinga inda kowa zai ji shi, ya ce:

"Ya ku 'ya'yan Barmo, itacen ɗayanku ya buɗe ƙofa, buhunan ɗayanku suka kai ruwa bakin ƙofar. Da ɗaya ya yi nasa shi kaɗai, da wataƙila an daɗe ba a ji ba. Kun yi shekaru ba ku haɗu a kan komai ba, ashe kun haɗu a kan rushe unguwa ba ku sani ba. Laifin farko kuma ba naku ba ne, na igiya ne. Ruwan da ba jinga ambaliya ne, jingar da ba ruwa tarin ƙasa ce. An raba muku abin da in ya rabu ya lalace, saboda haka na warware wannan rabo. Tafki da jinga da abin da ke ciki naku ne ku biyu, daɗinsa da wahalarsa.

"Kun ce ubanku almubazzari ne. Ku dubi abin da yake saye da kifin rana ɗaya. Yana murɗa ƙarfe duk shekara, tsatsa ba ta kama shi. Yana rage ruwa kafin damina, sabon ruwa ya sami wurin zama. Yana ganin fuskar jingarsa, ya toshe ramin gafiya tun yana ƙarami, da yumɓun da mutane suka ɗauko masa suna dariya. Bai taɓa ce wa mutanen Gangare ku zo ku tsare rayukanku ba, don kada su kwana da tsoro. Cewa yake ku zo ku ci kifi. Ku kuka ga kifin da ke fita, ba ku ga abin da ke shigowa ba.

"Ga hukuncina. A sare itatuwan nan, a tone saiwarsu har ƙarshe, a cike da yumɓu a daɓe. A kwashe buhuna. Al'adar su kuma ta dawo kowace shekara kafin ruwan fari, ba don alheri ba, don haƙƙi ne. Shekarar da kuka ƙi, na ba mutanen Gangare izini su hawo su murɗa ƙarfen da hannunsu."

Wa zai ɗaukaka ƙara, bayan gari guda ya ga shuɗin ruwa? Ba ma wannan ba, su kansu jikinsu ya yi sanyi. Mamuda ya je ya tsaya a gindin mangwaron da ya fi so, wanda ya fara yi masa 'ya'ya, ya shafa jikinsa. Wani ya zo da gatari, sai ya ce, "Kawo. Ni na dasa." Sallau kuwa ya tuɓe farar rigarsa ya rataye a rumfa, ya shiga makwarara ya kama buhu. Abokansa masu tumbi suka tsaya suna kallo, ya ce, "Ku da kuka sha yawo a kwalekwale, ai sai ku zo ku biya kuɗin jirgi." Haka suka naɗe wando suka shiga, ana yi musu dariya.

Aikin bai ƙare ran nan ba, ya ɗauki kwanaki, don ramin babba sai da aka tone shi har gindi, ana zuba yumɓu kaɗan a daɓe, a ƙara a daɓe. Tabawa ce a gaban mata, madaɓi a hannu, tana ba da waƙa ana amsawa, fushin nan duk ya tafi. Da aka gama, alƙali ya ce bismilla, aka faɗa ruwa. Kai, ranar an ga kifi! Aka fito da wasu tarwaɗu masu kai kamar akushi, aka jera su a gaban alƙali, ya ce, "To ga gadon da aka manta. A raba."

Sallau ya dube su suna numfashi a kan ciyawa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, rabona a mayar. Su ne iri."

Mamuda ya ce, "Nawa ma a mayar. In an bar na Yaya su kaɗai, sai su fara cewa tafkin nasu ne."

A karon farko cikin shekaru, Sallau ya yi dariya da maganar ƙanensa.

Ruwan fari ya sauka ba da daɗewa ba. Damina ta kankama, tafki ya cika ya tsaya daidai kan tsohon zanen. Sai wata rana a tsakiyar marka, tun da azahar sama ta buɗe, aka yi ruwan da tsofaffi suka ce sun manta rabonsu da irinsa. Rafuka suka ƙetare gonaki, katangu suka zube a cikin gari. Mutanen Gangare suka fito cikin ruwan suka hau tudu, idonsu na kan jinga. Makwarara ta cika baki da baki tana ruri kamar garken shanu, ruwa na ficewa ta gefe yana bin tsohuwar hanyarsa. Wa da ƙane suna tsaye a kan jingar, jiƙe sharkaf, ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan, suna ɗaga wa juna hannu. Kafin magariba ruwa ya ɗauke. Jinga tana nan daram, ko ɓantare bai fita ba. Mata suka rangaɗa guɗa, aka gangara gida. Tabawa ta shiga ɗakinta ta taɓa daɓe, a bushe, sai inda rufi ya ɗiga.

Labari ya kai birni, aka yi ta yaba wa Malam Haladu. In an faɗa masa sai ya ce, "Ni ba abin da na ƙirƙira. Hukuncin Alhaji Barmo ne, na tarar da shi a ƙasa na ɗauka."

Masu ba da wannan labari sukan rufe shi da cewa: duk wanda ya tara ruwa a bisa kan mutane don jin daɗinsa, ya sani ba ruwa ya mallaka ba, amana ya ɗauka, kuma amana irin wannan ba a gyara ta ranar da ta ɓalle, sai a ranakun da kowa ke ganin lafiyarta lau.

An ce bayan wannan, wata Juma'a Sallau na dawowa daga masallaci cikin farar riga, ya biyo ta bakin tafki, sai ya hangi wani reshen ƙaya da ruwa ya kawo ya tokare a makwarara, ciyayi sun fara taruwa a jikinsa. Ba kowa a wurin. Ya cire takalmi, ya tattare riga, ya shiga har gwiwa ya jawo shi, ƙaya ta yage masa hannun riga. Yana fitowa sai ga Tabawa ta biyo ta kan jinga da tallan daddawarta. Ta tsaya ta dube shi, ta dubi reshen, ta nuna da haɓa.

"Akwai wani can gefen, ɗan nan. Ba ka gan shi ba?"

Ta wuce abinta. Sallau ya ajiye takalman, ya koma cikin ruwa.